Mai Shahada da Mai Tumbi: Tarihin da Haɗejawa Suka Adana Cikin Laƙabi

Idan ka leƙa wayar matashi yana buga irin wasannin nan da ake zaɓar jarumi a raɗa masa suna, da wuya ka tarar ya sa sunansa na yanka. Wani zai kira kansa Ƙarangiya, wani Gyambon Sauro, wani kuma Janar Ɗanwake. Manya sukan ɗauki abin a matsayin shiriritar zamani, alhali kuwa Bahaushe ya daɗe yana wasa da suna, har wani lokaci sunan wasa yakan riƙe abin da takarda ta kasa riƙewa. A Haɗeja akwai misalin da ya isa a tsaya a kansa.

Tun daga sunan garin ma labari ne. Ruwayar baka ta ce wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya ne suka fara zama a wurin, sai aka haɗa sunayensu biyu aka kira garin. Kafin jihadi, Haɗeja ɗaya ce daga cikin ƙananan masarautu bakwai da ke biyayya ga Barno, tare da Auyo, Garin Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa. Sarki Sambo, wanda ya hau a 1808, shi ya ɗinke su ƙarƙashin tutar Sakkwato. Sunan Sambo kansa bayani ne, domin a al'adar Fulani ɗa namiji na biyu ake kira haka.

Bayan kusan shekara ɗari, Turawan Ingila suka iso. Sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka kuma kafa bariki a Haɗeja, amma zama bai yi daɗi tsakaninsu da Sarki Muhammadu ba, wanda ke kan gado tun 1885. Bayan tarzomar Satiru a farkon 1906, Lugga ya ƙudurta ba zai bar wani sarki ya ɗaga masa kai ba, ya turo runduna. Ranar 25 ga Afrilu, 1906 aka gwabza a cikin birni. Haɗejawa na da dawaki da masu da takubba, Turawa na da bindigogi masu aman wuta. Sarki ya faɗi tare da 'ya'yansa da manyan fadawansa da jama'a masu yawa.

Daga ranar, Turawa ke da iko da haraji da kotu da rubuta rahoto. Abu ɗaya ya rage a hannun mutanen gari, wato raɗa suna. Sarkinsu suka kira shi Mai Shahada, har yau kuma da wannan sunan aka san shi, ko a jerin sarakunan da ake bugawa a littattafai. Jami'in Turawan da ya zauna a garin a wancan zamani, Kyaftin Phillips, wanda kabarinsa ke Haɗeja, suka kira shi Mai Tumbi. Duba yadda hukuncin ya fita. Wanda aka kashe ya tafi da sunan da kowane Musulmi ke girmamawa, wakilin waɗanda suka yi nasara kuwa aka bar shi da cikinsa. Yaron da bai taɓa buɗe littafin tarihi ba, da jin sunayen nan biyu ya san inda zuciyar kakanninsa take.

Ba Haɗeja kaɗai ta yi haka ba. Kyaftin Moloney, wanda Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe a 1902, bakin Hausawa ya mayar da shi Mai Launi. Razdan Cargill na Kano ya zama Mai Gunduma saboda rarraba ƙasa da aka yi a zamaninsa. Gwamna Sharwood-Smith shi ne Mai Wandon Ƙarfe. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, ya sami Ɗan Hausa saboda ƙwarewarsa a harshen. Kowane Bature da irin awon da aka yi masa, da yawansu kuma sun bar ƙasar ba su san nauyin abin da ake kiransu ba.

Wannan gwaninta a gida aka koye ta. A ƙauyukan fadamar kogin Haɗeja, inda rayuwa ke bin zuwan ruwa da janyewarsa, laƙabi ne ke riƙe lokacin haihuwa. Shibkau ya zo lokacin shuka, Nomau lokacin noma, Marka a tsakiyar damina, Anaruwa kuwa ana tsaka da ruwan sama. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba, Cindo yana da yatsa shida.

Akwai kuma sunayen da baƙo zai ji ya yi dariya, mai gida kuwa ya ji ƙwalla. Matar da ke wabi, wato 'ya'yanta na mutuwa suna ƙanana, takan kira jaririnta Ajuji ko Ayashe ko Bawa, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Wata kuma ta yi roƙo a fili ta ce Abarshi ko Abarta. Duk dattijon da ka ji ana kira Ajuji, ka san akwai ƙananan kaburbura da suka riga shi.

Hatta shiga rigar wani a yi wasa ba sabon abu ba ne. A tashen watan azumi yara kan zama Jatau mai magani ko Macukule, a Kano kuma Nalako ke jagorantar tashen gwagware. A bikin kalankuwa samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu su yi mulkin 'yan kwanaki. Daga baya Usman Baba Pategi ya zama Samanja, Rabilu Musa ya zama Ibro, har sunan wasan ya danne na yanka.

Abin da ke barazana ga wannan gado shi ne fom. Katin ɗan ƙasa da rajistar banki da ta jarrabawa suna neman suna da sunan uba, kuma dole su zo ɗaya a ko'ina, in ba haka ba a sha wahalar gyara. Iyaye da yawa sun gwammace su tsaya kan sunan yanka, wasu matasa kuma suna jin kunyar a ce kakarsu Ayashe ce. Kowace tsohuwa da ta rasu ba a tambaye ta ba, ta tafi da dalilin sunaye goma.

Don haka idan kana da kaka ko kakan da ke raye, ka ajiye wasan wayar na ɗan lokaci, ka buɗe rikoda. Ka tambaye su me ake kiransu suna yara, wa ya raɗa musu, kuma me ya faru a gidan a shekarar.