Daga Masidin Shehi zuwa Asibitin Omdurman

Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'arsa zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a ƙasar Sudan. A wancan zamani babu asibitin masu taɓin hankali a ƙasar. Wanda ciwon ya kama, a ƙauyukan Hausawa da na maƙwabtansu Larabawa, wajen malami ake fara kai shi, in abin ya gagara a wuce masidin wani shehi, irin na Abu Haraz kusa da Madani ko na Umm Dubban a gabashin Khartum.

Masidi gini ne na ƙasa mai faɗin tsakar gida: ga masallaci, ga tsangayar almajirai, ga ƙubbar shehi, sai jerin ƙananan ɗakuna na marasa lafiya. Majinyaci yana jin karatun dare a gefen wuta, ana ba shi rubutun sha da tofi da hayaƙi, danginsa kuma suna kusa. Sai dai akwai mari a ƙafa, akwai bulala, akwai ƙuntata abinci, kuma wannan zalunci ne ko da da niyyar magani aka yi shi.

Turawan mulkin mallaka sun zo da nasu salon: doguwar katanga, ƙofar ƙarfe da mai gadi. Wanda aka ga yana da haɗari, kurkukun Kobar a Bahri, tsallaken kogi daga Khartum, ake kai shi. Tsare shi aka sa a gaba, warkewa tana baya.

Dakta Tijjani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan, shi ya sauya akala. A 1949 ya buɗe wurin duba marasa lafiya a Bahri, inda ake ganin likita a koma gida, ya kuma nemi haɗin kan shehunan masidi. Irin wannan tunani ya sa a Nijeriya ma Dakta Lambo ya zaunar da majinyata cikin gidajen ƙauyen Aro a Abeokuta daga 1954. A 1971, shekara guda bayan rasuwar Tijjani, aka buɗe asibiti mai sunansa a Omdurman.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya durƙusar da asibitocin Khartum da na yankin Jazira, ya kuma ƙara yawan masu ciwon rai. Idan lokacin sake gini ya zo, mutanen Mai Wurno da ƙauyukan Jazira sun cancanci ɗakin jinya kusa da gida, mai tsakar gida da inuwa da wurin zaman dangi, mai likita da magani, wanda ba a kafa turken mari a cikinsa ba.