Laga: Sunan da Ya Fito daga Rumbu

Kalmar "laga" da ake gani a jikin kwalaben giya daga Jamusanci ta samo asali, inda Lager ke nufin rumbu ko ma'ajiya. A da, masu dafa giya a yankin Bavariya kan jera ganguna cikin kogo mai sanyi, su tara ƙanƙara kewaye da su, su bar su makonni. A nan yis ke kwantawa a ƙasan ganga, ruwan ya tace garau. A 1842 aka fito da laga mai launin zinariya a garin Pilsen, aka raɗa mata Pilsner. Yau ƙananan masu wannan sana'a a Amurka da Turai suna komawa ga tsohuwar hanyar, kuma sunan kansa yana tuna musu cewa haƙurin ajiya ne ke kawo ɗanɗano.