Daga Lungun Landan Zuwa Teburin Alƙalai: Tarihin Kyanwar British Shorthair

A tsakiyar ƙarni na 19, kyanwa a birnin Landan 'yar aiki ce kawai. Ita ke gadin ɗakunan ajiyar hatsi a bakin kogin Thames, ita ke korar ɓeraye daga gidajen burodi da bargar dawaki, kuma ranar da ta tsufa ko ta kwanta ciwo babu mai waiwayarta. Abincinta, in an ga dama, yana zuwa ne daga wasu 'yan talla masu zagaya unguwanni da baro, suna sayar da dafaffen naman doki soke a tsinke kamar tsire. Da mai tallan ya ɗaga murya, sai ka ga maguna na dirowa daga katangu suna bin sawunsa. Shi kuwa kare tuni ya sami gata, domin tun 1859 aka yi gasar nuna karnuka a garin Newcastle, masu hali suna tinƙaho da asalin nasu. Kyanwa dai ba wanda ya taɓa tambayar wa ya haife ta.

Alhali tana da asali mai nisa. Duk kyanwar gida a duniya jikar kyanwar dajin Afirka ce, wadda masana ke kira Felis lybica, irin wadda har yau ke farauta a dazukan Sahel. A zamanin mulkin Rumawa, wanda ya fara a shekara ta 43 miladiyya, kyanwar gida ta yaɗu a tsibirin Birtaniya. Ɗaruruwan shekaru na sanyi da ruwan sama suka yi nasu zaɓen: wadda ke da kaurin jiki da gashi mai yawa ita ta fi jure hunturu, ita ta fi barin 'ya'ya.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kallon wannan dabba da idon daraja shi ne Harrison Weir, mai zanen dabbobi da aka haifa a 1824. Shi da kansa ya faɗa cewa da can ba ya son kyanwa, sai da ya zauna ya lura da ita tukuna ta shiga ransa. Abin da ya dame shi shi ne wulaƙancin da ake mata. Sai ya yi tunanin cewa idan aka sa kyanwa a gaban jama'a, aka ba mai ita lambar yabo, mutane za su koma gida su dubi tasu da ke kwance a bakin murhu da wani ido dabam. Ya kai shawarar ga masu kula da Crystal Palace, wani katafaren zauren baje koli na gilashi da ƙarfe a kudancin Landan, suka amince. A watan Yulin 1871 aka buɗe gasar da kyanwoyi kimanin 170, jama'a suka yi cincirindo fiye da yadda aka zata. Weir na cikin alƙalai tare da ɗan'uwansa John Jenner Weir. An kawo baƙin iri daga nesa, har da 'yan Siyam, amma wata tsohuwar kyanwar Weir mai zane-zane, 'yar shekara 14, tana cikin waɗanda suka ci kyauta. A gasannin da suka biyo baya har aji na musamman aka ware wa kyanwoyin leburori, kuma wannan ya fi komai nuna inda mutumin ya dosa.

Alƙalanci ba ya yiwuwa sai da ma'auni, don haka Weir ya zauna ya rubuta maki nawa za a ba kai, nawa ido, nawa gashi, nawa launi. Ya tattara waɗannan a littafinsa Our Cats and All About Them na 1889. A nan ne aka haifi irin da muke magana a kai, ko da yake sunan British Shorthair ya zauna ne daga baya. Da zarar an rubuta yadda kyakkyawar kyanwa za ta kasance, masu kiwo suka daina barin muzurun maƙwabci ya yi barbara yadda ya so. Suka shiga zaɓen uba da uwa, suna rubuta sunayensu a littafi.

Sai dai abin ya kuɓuce wa Weir tun yana raye. An kafa ƙungiyar National Cat Club a 1887 shi ne shugabanta na farko, amma bai daɗe ba ya ajiye muƙamin, yana ƙorafin cewa da yawa daga cikin 'yan ƙungiyar lambobin yabo ne a gabansu, ba jin daɗin dabbar ba. A lokacin kuma manyan gidaje sun karkata ga kyanwar Farisa mai dogon gashi, wadda marubuciya Frances Simpson ta yi wa hidima sosai. Kafin ƙarnin ya ƙare, masu dogon gashi sun mamaye zaurukan gasa, 'yar gida ta koma gefe. Weir ya rasu a 1906. A ganina ƙorafinsa na kan hanya, kuma abin da ya biyo baya ya gaskata shi.

A 1910 ƙungiyoyin masu kiwo suka haɗu suka kafa hukumar rajista guda, GCCF, wadda har yau ke riƙe da littafin asali a Birtaniya. A wancan lokaci launin toka da masu kiwo ke kira shuɗi ya fara fice a cikin masu gajeren gashi. Har zuwa 1912 masu wannan launi aji ɗaya suke shiga da takwarorinsu 'yan Rasha masu siririn jiki, kuma alƙalai sukan fifita mai ƙiba da zagayayyen kai.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu su suka kusa shafe irin. Na farko ya rage masu kiwo ƙwarai. Na biyu ya fi muni: a makon farko na yaƙin, cikin Satumbar 1939, tsoron ruwan bama-bamai da ƙarancin abinci ya sa mutanen Landan suka kai dabbobinsu aka kashe, masana tarihi na ƙiyasta karnuka da kyanwoyi kimanin 400,000. Aka shiga rabon abinci da kati, wanda ke neman abin da zai ba 'ya'yansa ina zai ciyar da ɗaki guda na maguna? Da aka gama yaƙi a 1945, muzurai masu takardar asali da suka rage ba su da yawa. Masu kiwo ba su da zaɓi, suka haɗa abin da ya saura da kyanwoyin gida marasa takarda, da 'yan Rasha, da Chartreux ta Faransa. Jinin Rasha ya sirantar da jiki, sai aka koma ga kyanwar Farisa don a dawo da kauri da faɗin fuska. Cakuɗuwa da Chartreux ta yi nisa har hukumar FIFe ta nahiyar Turai ta haɗe su wuri guda a 1970, kafin ta sake raba su a 1977.

Kyanwar da ta fito daga wannan gauraye ita ce wadda ake gani yau a hotuna, kuma Weir da zai gan ta sai ya yi da gaske kafin ya gane ta. A teburin gasa alƙali yakan tallabi kanta da tafin hannu biyu ya ji ko zagaye yake ta kowane ɓangare, ya dubi ƙananan kunnuwa da suka yi nesa da juna, da kumatun muzuru da suka cika suka zubo, da ido mai launin jan ƙarfe. Daga nan sai ya tura yatsu cikin gashin ta baya zuwa gaba. Gashin kirki gajere ne, cunkushe, a tsaye yake ba ya kwanciya, in ta juya wuya sai ya tsage gida-gida. Ƙafafu gajeru ne masu kauri, ƙirji da faɗi, babban muzuru yakan kai kilo 7, kuma ba ta gama cika jiki sai ta shekara 3 ko fiye. Halinta ma na natsuwa ne. Ba ta da yawan kuka, ba ta son a riƙa ɗaukarta, ta fi son ta kwanta kusa da kai a kan ta hau cinyarka. Wannan hali ya dace da mai zaman bene da ke wuni a wurin aiki, shi ya sa ta karɓu. Hukumar CFA ta Amurka ta ba ta cikakkiyar shaida a 1980, kuma a Birtaniya ta daɗe da ture kyanwar Farisa daga matsayin irin da aka fi yi wa rajista.

Jinin aro bai zo shi kaɗai ba. Daga kyanwar Farisa ta gaji wata cutar ƙoda, inda ƙananan jakunkunan ruwa ke tsirowa suna cinye ƙodar sannu a hankali. Uwa ko uba ɗaya ya isa ya ba kusan rabin 'ya'ya cutar. Sai a 2004 masu bincike a Jami'ar California da ke Davis suka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, yanzu da ɗan auduga a goga cikin kumatu ake gane mai ɗauke da ita a cire shi daga kiwo. Akwai kuma kaurin tsokar zuciya, da saurin teɓa ga dabbar da ba ta farauta. Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne batun rukunin jini. Yawancin kyanwoyin duniya rukunin A ne, amma a wannan iri rukunin B na da yawa. Idan uwa mai B ta haifi ɗa mai A, dakashin da ya sha a ranar farko shi ke farfasa masa jini. Fitsarinsa ya yi ja, ya daina tsotso, wani ya mutu cikin kwana biyu. Mai kiwo na gari yakan gwada jinin iyaye tun kafin barbara, in kuwa an riga an haihu sai ya janye 'ya'yan daga nono na yini guda yana ba su madara da hannu. Wanda riba kaɗai ya sa a gaba ba ya ɗaukar wannan wahala, kuma tsadar da irin ya yi ta jawo irinsu da yawa cikin sana'ar.

Babbar gasar GCCF, wadda aka fara a 1976, tana tara ɗaruruwan kyanwoyi masu takardar asali ta kaka da kakanni. A cikin zauren kuma ana ware wani sashe na kyanwoyin gida marasa takarda, wasu an tsince su a titi, wasu daga gidajen ceton dabbobi. A nan ba a auna zagayen kai ko launin ido. Alƙali yana duba lafiyar jiki ne, da tsabtar gashi, da yadda dabbar ta saki jiki da mutane.