AMSAR TAMBAYARKU: Tarihin Gasar Kofin Zakarun Kulob-Kulob Na Afirka

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Ya ce musu ne ya kaure tsakaninsa da maƙwabcin rumfarsa har ciniki ya tsaya. Shi yana cewa babu wani kulob na Nijeriya da ya taɓa ɗaukar kofin zakarun Afirka, shi kuwa maƙwabcin ya rantse Kano Pillars ta ɗauko shi a 2009, don wai da kunnensa ya ji an doke Misirawa. Sun yi alkawarin wanda ya faɗi shi zai sayi shayin mako guda. Akwai kuma wata takarda daga wajen Maraɗi, wadda mai ita ke son sanin yaushe aka fara gasar, kuma wane kulob ne ya fi kowa cin ta.

To, madalla da waɗannan tambayoyi. Malam na Dawanau, sai dai ku haɗa kuɗin shayin ku biya tare, domin kai ba ka faɗi daidai ba, shi ma bai faɗi daidai ba. Amma bari mu ɗauko zancen daga tushe, kamar yadda muka saba.

Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, wadda ake kira CAF, an kafa ta ne a birnin Khartum na Sudan cikin 1957. Ƙasashe huɗu ne suka kafa ta: Masar da Sudan da Habasha da Afirka ta Kudu. A lokacin yawancin ƙasashenmu suna hannun Turawan mulkin mallaka. Da aka fara samun 'yancin kai, sai aka ga cewa tun 1955 ƙasashen Turai ke haɗa kulob ɗin da ya zama zakara a kowace ƙasa su kara da juna, aka ce to mu ma me zai hana? Aka soma tamu a 1964. Ka'idar mai sauƙi ce: kulob ɗin da ya ci gasar ƙasarsa shi ne zai wakilce ta.

An yi wasan ƙarshe na farko a Akara, babban birnin Gana, a watan Fabrairu na 1965. Kofin ma sunan shugaban Gana na lokacin, Kwame Nkrumah, aka sa masa. Nkrumah yana da wani kulob da gwamnatinsa ta kafa, Real Republikans, wanda aka tsinto masa gwanayen 'yan wasa daga sauran kulob-kulob na ƙasar, kuma kowa ya ɗauka kofin a gida zai kwana. Ina! Sai ga Oryx ta Duwala daga Kamaru ta fitar da su, ta kuma doke Stade Malien ta Bamako da ci 2 da 1 ta tafi da kofi. Bayan da sojoji suka hamɓarar da Nkrumah a 1966, kulob ɗin nasa ma ya watse. Ku riƙe wannan a zuciya, don za mu sake cin karo da irinsa.

A 1967 aka yi wani abu da har yau mutanen Kumasi ba su manta ba. Asante Kotoko ta je wasan ƙarshe da TP Englebert ta Lubumbashi a Kwango, wadda ta samo sunanta daga wani kamfanin tayar mota, ita ce kuma yau ake kira TP Mazembe. Wasan farko kunnen doki, 1 da 1. Na biyu ma canjaras, 2 da 2. CAF ta ce a yi na uku a raba gardama. Ranar wasa 'yan Kwango suka fito fili, Kotoko ba ta zo ba, domin saƙon bai kai gare ta ba. Haka aka miƙa wa Englebert kofi. Ta sake ci a 1968, ta kuma je wasan ƙarshe a 1969 da 1970, wato sau huɗu a jere. A na 1970 ɗin ne Kotoko ta rama, ta bi su har Kinshasa ta ƙwato kofin.

Daga nan sai zamanin Gini da Kamaru. Hafia ta Konakiri ta ci a 1972 da 1975 da 1977. Da ta ci na uku sai aka bar mata kofin Nkrumah ɗungurungum, aka kawo sabo mai sunan shugaban Gini, Ahmed Sekou Toure, wanda shi ne ginshiƙin kulob ɗin. Canon ta Yawunde ita ma sau uku ta ci: 1971 da 1978 da 1980, kuma daga cikinta ne shahararren golan nan Thomas N'Kono ya fito. Union ta Duwala ta ci a 1979. A wancan zamani 'yan wasanmu a gida suke, shi ya sa kulob ɗaya kan tara rabin 'yan wasan ƙasa. Amma fa tun daga 1978 Hafia ba ta sake ganin wasan ƙarshe ba, Sekou Toure kuma ya rasu a 1984.

Yanzu sai batun Nijeriya, inda musun naku yake.

Dattawan da suka bi wasanni a akwatin rediyo a waɗancan shekaru za su gaya muku irin takaicin da aka sha. Sau huɗu kulob-kulob ɗinmu suna kaiwa bakin gaɓa jirgi na kifewa. Rangers ta Inugu, wadda aka kafa a 1970 bayan yaƙin basasa, ta je wasan ƙarshe a 1975, da su Christian Chukwu da dogon golan nan Emmanuel Okala. Hafia ta ci ta a Konakiri, ta biyo ta Ikko ta sake cin ta. A 1984 Shooting Stars ta Badun, da su Segun Odegbami, ta gamu da Zamalek ta Masar, aka ci ta can aka ci ta nan. A 1988 Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ta ci Setif ta Aljeriya ɗaya da nema a gida, da aka je can aka zura mata huɗu ba ko ɗaya. A 1996 Shooting Stars ta sake haɗuwa da Zamalek, kowa ya ci 2 da 1 a gidansa, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, Zamalek ta yi nasara. Har mutane suka fara cewa ko asiri aka yi mana.

Wani zai ce, ai na ji Rangers ta ci kofin Afirka. Gaskiya ne, amma ba wannan ba ne. A nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Daga 1975 an yi wata gasa ta biyu, ta kulob-kulob ɗin da suka ci kofin ƙalubale na ƙasashensu. Ita ce Shooting Stars ta ci a 1976, Rangers a 1977, BCC Lions ta Gboko a 1990. Ranchers Bees ta Kaduna ta je wasan ƙarshe nata a 1988, Bizerte ta Tunisiya ta hana ta. Al-Merrikh ta Sudan ta ci a 1989. An kuma ƙara ta uku a 1992, wadda Cif M.K.O. Abiola ya ba da kofinta. A 2004 aka haɗe waɗannan biyun suka zama gasa ɗaya, Kofin Confederation, wanda a cikinsa ne kulob ɗin sojojin Nijar, AS FAN, ya kai matakin rukuni a 2010. Duk waɗannan ƙannai ne. Babban yaya shi ne kofin zakaru.

A 1997 CAF ta sauya wa gasar fasali da suna, ta koma CAF Champions League. Da can sili ɗaya ƙwale ake yi, gida da waje, wanda aka ci ya koma gida. Yanzu sai aka kawo wasannin rukuni-rukuni, aka kuma sa ladan kuɗi, saboda shigowar talabijin da 'yan talla. A ƙarƙashin wannan tsari ASEC ta Abijan ta ci a 1998, Hearts of Oak ta Akara ta ci a 2000.

Sai 2003 ƙaya ta fita. Enyimba ta Aba, wadda gwamnan Abiya na lokacin, Orji Uzor Kalu, ya tsaya mata, ta ci Ismaily ta Masar biyu da nema a Aba, aka ci ta ɗaya a can, ta ɗauko kofi. Mai horar da ita Kadiri Ikhana ne. A 2004 ta maimaita a kan Etoile du Sahel ta Tunisiya, a Abuja. Masu kallo za su tuna yadda ana dab da tashi aka cire gola Vincent Enyeama aka sa Dele Aiyenugba musamman don bugun fenariti, kuma dabarar ta ci. Tun bayan Englebert a 1967 da 1968, ba wanda ya sake cin kofin sau biyu a jere sai da Enyimba ta yi haka. To Malam, ka ga inda ka faɗi.

Saura maƙwabcinka. Kano Pillars, Sai Masu Gida, an kafa ta a 1990. Kafin ita Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978. Pillars ta ci tata ta farko a 2008, kuma wannan Kadiri Ikhana ɗin ne ya ciyo mata. Shi ya ba ta damar shiga gasar Afirka ta 2009. Kafin matakin rukuni sai ƙuri'a ta haɗa ta da Al Ahly ta Alƙahira, wadda kofin ke hannunta a lokacin. Wallahi ni kaina da na ga haɗin cewa na yi tafiya ta ƙare. Aka yi 1 da 1 a gida, aka je Alƙahira aka yi 2 da 2, sai ga Pillars ta wuce.

Bari in yi bayanin wannan lissafi, don na san yana ɗaure wa wasu kai, kuma tsohon malamin makaranta ba ya ganin lissafi ya wuce. In an tara ƙwallayen wasa biyun aka samu daidai, sai a duba wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa. Jimilla 3 da 3 ke nan. Al Ahly ta ci ɗaya a gidan Pillars, Pillars ta ci biyu a gidan Al Ahly, saboda haka Pillars ce a sama. Wannan shi ne abin da maƙwabcinka ya ji da kunnensa, kuma murnar da aka yi a Kano ranar ta isa ta sa mutum ya zaci kofi aka ɗauko. Pillars ta tsallake rukuni ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar gida, Heartland ta Owerri, wato tsohuwar Iwuanyanwu, ta ci ta 4 da nema, ta sake cin ta ɗaya da nema. Ita kuma Heartland wannan lissafin na ƙwallon waje ne ya kayar da ita a hannun TP Mazembe a wasan ƙarshe.

'Yan uwanmu na Garwa su ma sun ɗanɗana. Coton Sport, kulob ɗin kamfanin audugar arewacin Kamaru, ta je wasan ƙarshe a 2008, Al Ahly ta tare ta. Al-Hilal ta Omdurman ta je sau biyu, 1987 da 1992, ba ta dace ba.

Mai tambaya daga Maraɗi, amsarka ita ce Al Ahly. An kafa ta tun 1907, amma ba ta ci kofin ba sai 1982, da ta doke Kotoko. Zuwa 2024 ta tara 12. Huɗu daga ciki wani koci ɗan ƙasar Fotugal, Manuel Jose, ya ciyo mata, uku a zamanin su Mohamed Aboutrika. Masu bi mata su ne Zamalek da TP Mazembe, kowace da 5, sai Esperance ta Tunis da 4. Mazembe ce kuma ta fara kai Afirka wasan ƙarshe na kofin kulob-kulob na duniya a 2010, bayan ta doke Internacional ta Brazil 2 da nema, kafin Inter Milan ta ci ta 3. A 2025 wani sabon kulob na masu kuɗi daga Masar, Pyramids, ya ɗauka a hannun Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu.

Abin da ya fi damuna a wannan tarihi shi ne, daga 2005 zuwa 2025 babu kulob ko ɗaya daga Afirka ta Yamma da ya ɗaga kofin nan, kuma bayan Heartland a 2009 babu ma wanda ya leƙa wasan ƙarshe. Ba don ba mu da 'yan wasa ba ne. Ku manoma kun fi ni sanin abin da ke faruwa da wanda bashi ya sa ya sayar da geronsa tun da kaka. Haka kulob-kulob ɗinmu suke: yaro na fara haske sai a sayar da shi da araha, wani zuwa Turai, wani ma zuwa Masar ko Tunisiya ko Maroko, gobe ya dawo cikin rigarsu ya zura mana ƙwallo. Ahmed Musa a Pillars ya yi suna a 2010, kafin shekarar ta fita yana ƙasar Holan. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Laifin tsarin ne. Yawancin kulob-kulob ɗin Nijeriya na gwamnatocin jihohi ne, in gwamna mai son ƙwallo ne a ci a sha, in ya sauka a koma jiran albashi, irin dai abin da ya sami kulob ɗin Nkrumah. Al Ahly kuwa tana da ɗimbin mambobi masu biyan kuɗin shekara, da gidan talabijin nata, da kamfanoni masu talla a rigarta. Mazembe ma, ko da yake attajiri ɗaya ne, Moise Katumbi, ya ɗauke ta, ya gina mata filin wasa nata na kanta ya kuma saya mata jirgin sama. A nahiyar da zuwa wata ƙasar sai ka kwana a filin jirgi kana jiran canji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ladan wanda ya ci kofin ya kai dala miliyan 4 a 2023, kuma galibi hannun waɗanda dama suke da shi yake komawa.

Saboda haka Malam na Dawanau, ka gaya wa maƙwabcinka: Nijeriya ta ci sau biyu, 2003 da 2004, duka ta hannun Enyimba. Pillars kuwa ta fitar da mai riƙe da kofi a 2009, ta tsaya a wasan kusa da na ƙarshe. Kwana uku da rabi kai, kwana uku da rabi shi, a wajen mai shayi. Akwai wata takarda da ke tambayar asalin sunan Asante Kotoko da abin da ya haɗa ta da beguwa, wannan sai a shiri na gaba.