Kuɗin Fito da Makomar Wutar Sola a Najeriya

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin mai janareta ya sauya. Mai shagon ruwan sanyi, da manomin rani da ke ban-ruwa da injin fetur, da ƙaramin asibitin da ke adana allurar rigakafi, duk suka fara tambayar farashin sola. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Buƙata dai ta samu. Matsayin wannan maƙala shi ne, yaɗuwar sola a Najeriya ta fi rataya a kan kuɗin fiton da ake karɓa a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can fiye da rangwamen harajin kamfanoni, kuma hana shigo da kayan a yanzu zai cutar da mai saye tun kafin a gina masana'antar da za ta wadatar da shi.

Dalili na farko yana cikin yanayin kayan. Janareta na da sauƙi ranar saye, tsadarsa kuma tana biyo baya kullum a gidan mai. Ita sola kusan duk kuɗinta a ranar farko ake biya. Don haka duk harajin da aka ɗora mata, lokaci guda yake faɗo wa mai saye. A ƙasar da Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, rance ba mafita ba ne ga mafi yawan mutane.

Na biyu, ba kowane rangwame ne ke isa hannun talaka ba. Dokar da Amurka ta yi a 2022 ta ba magidanci damar cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin sanya sola daga harajin da zai biya. Tsarin ya yi aiki ne saboda magidancin can yana cike takardun haraji duk shekara. Telan Kano ko mai niƙa a Funtuwa ba ya cikin wannan rajista. Hutun haraji ga sababbin masana'antu ma sai kamfanin da ya fara cin riba yake amfana. Sauƙin da kowa ke gani shi ne wanda ya bayyana a farashin kasuwa.

A nan ne tsarin kuɗin fito ke da giɓi. Jadawalin bai ɗaya na ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, yana da matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Farantin sola yana matakin sifili, batir kuwa an daɗe ana cajinsa kashi 20. Alhali gidan da ke son haske da daddare ba ya rabuwa da batir, kuma shi ne kan mutu a sake saye kafin farantin ya tsufa. Ga kuma rashin tabbas. A 2018 hukumar kwastam ta sauya wa farantan lamba, ta mayar da su ajin janareta, sai aka wayi gari ana neman kashi 5 na fito da kashi 5 na VAT. Ɗan kasuwar da bai san abin da zai tarar a tasha ba, ƙara wa kayansa kuɗi yake yi tun kafin su iso.

Masu goyon bayan hana shigo da farantai, kamar yadda ministan kimiyya da fasaha na lokacin ya bayyana a Maris ɗin 2025, suna da hujja: ana ƙona dala, ana kai ayyukan yi waje, ana cika kasuwa da jabu. Sukan kawo misalin Indiya, wadda a Afrilun 2022 ta ɗora kashi 40 a kan farantai da kashi 25 a kan ƙwayoyin da ake haɗa su da su. Sai dai Indiya ta haɗa harajin da tallafin kuɗi ga masana'antu gwargwadon abin da suka ƙera, kuma tana da kasuwa mai girman da za ta riƙe su. China ce ke da fiye da kashi 80 na harkar ƙera kayan sola a duniya. Masana'antunmu, irin ta hukumar NASENI da ke Karshi, harhaɗa ƙwayoyin da aka shigo da su suke yi, ƙarfinsu kuma bai kusa da buƙatar ƙasa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Pakistan, wadda ta bar ƙofa a buɗe, ta shigo da farantai masu ƙarfin gigawat kusan 17 a 2024 kaɗai, kuma akasarinsu gidaje da gonaki da masana'antu ne suka saya da kuɗinsu.

Abin da ya dace shi ne a cire fito daga batir da inbata da famfon ban-ruwa na sola, a kuma rubuta hakan cikin doka na wa'adin shekaru sanannu, yadda takardar ofis ba za ta rushe shi ba. A yafe fito kan ƙwayoyi da gilashi da alminiyon da masu harhaɗawa na gida ke shigowa da su, a ba su tallafi bisa abin da suka samar. Maganin jabu aikin hukumar kula da ingancin kaya ta SON ne. Idan masana'antun gida suka iya ɗaukar kaso mai tsoka na kasuwa, sai a fara ɗaga fito mataki-mataki bisa jadawalin da kowa ya sani tun farko.