Lauyoyin Masu Kwana a Titi a Birnin Washinton

A watan Nuwamban 1984, mutanen Washinton, babban birnin Amurka, suka kaɗa ƙuri'a suka amince da wata doka: duk wanda dare ya yi masa ba shi da wurin sa haƙarƙari, wajibi ne hukumar birni ta ba shi makwanci. A daidai lokacin ne kuma wani ɗan gwagwarmaya, Mitch Snyder, ya shafe kwana 51 bai ci abinci ba, sai da gwamnatin Shugaba Reagan ta yarda za ta gyara wani tsohon gini da marasa matsuguni ke kwana a ciki, ana saura kwana biyu zaɓe. Haƙƙi dai ya samu a rubuce. Sai dai mutumin da ke kwana kan bencin bakin titi ba shi da lauyan da zai ƙwato masa shi.

Wannan giɓi ne wasu lauyoyin birnin suka ga ya kamata su cike. Sun fara a matsayin ɗan kwamiti ƙarƙashin ƙungiyar lauyoyi, kuma a 1987 suka tsaya da ƙafafunsu da sunan Washington Legal Clinic for the Homeless, cibiyar taimakon shari'a kyauta ga marasa matsuguni.

Dabararsu ta farko ita ce ta raya su har yau. Ba su zauna a ofis suna jiran a zo ba. Wanda duk dukiyarsa ke cikin leda biyu, ba shi da kuɗin mota, ba shi da waya, yana kuma tsoron barin layi kada abinci ya wuce shi, yaushe zai hau bene neman lauya? Sai lauyoyin suka ɗauki takardunsu suka bi mutane inda suke: ɗakunan rabon abinci, gidajen kwana, ƙananan asibitocin talakawa. Yawancinsu 'yan sa-kai ne daga manyan kamfanonin lauyoyi da ma'aikatun gwamnati, ma'aikatan cibiyar kuma suna koya musu aikin, suna duba abin da suka yi. Ƙararrakin ba irin waɗanda jarida ke bugawa ba ne. Wannan an yanke masa tallafin naƙasa saboda wasiƙa ta je adireshin da ya bari tuntuni, waccan an kore ta daga gidan kwana da 'ya'yanta ba tare da an ji ta bakinta ba, wancan kuma katin shaidarsa ya ɓace, babu katin kuwa babu aiki, babu haya.

Wani ɓangare na kuɗin aikin ma ta hanya mai ban dariya ya riƙa shigowa. Tun 1988 ɗaliban shari'a na Jami'ar Georgetown suka fara shirya wasan ƙwallon kwando tsakanin malamansu da 'yan majalisar dokokin ƙasa, abin da aka tara a miƙa wa cibiyar.

A 1990 aka soke waccan doka ta 1984, Snyder kuma ya rasu a shekarar. Cikin wannan yanayi ne Patricia Mullahy Fugere, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar, ta karɓi shugabancinta a 1991. A zamaninta aikin ya wuce bin ƙarar mutum ɗaya ɗaya, ya kai ga zauren majalisar birni. Wata doka ta 2005 ta dawo da haƙƙin makwanci, amma a lokacin tsananin sanyi ko zafi kawai, ta kuma ba mazauna gidajen kwana damar ɗaukaka ƙara idan an kore su. Rabin abin da aka rasa ke nan, amma da shi lauyoyin cibiyar ke riƙe wa hukuma wuya duk hunturu. Sun kuma daɗe suna kuka kan halin da iyalai ke ciki a tsohon asibitin D.C. General da aka mayar gidan kwana, inda wata yarinya 'yar shekara takwas ta ɓace a 2014. An rufe wurin a 2018.

Fugere ta sauka a 2022, bayan shekara talatin da 'yan kai. Irin wannan sauyi ne ke rusa ƙananan ƙungiyoyi, domin sau da yawa tarihinsu da abokan hulɗarsu duk suna cikin kan mutum ɗaya, ranar da ya tafi ya tafi da su. Nan ba a nemo baƙo ba. An miƙa shugabancin ga Amber Harding, wadda ta shigo cibiyar a 2003 tana sabuwar lauya, ta yi kusan shekara ashirin tana zama da iyalai marasa gida tana kuma ja-in-ja da jami'an birni. A ganina an yi daidai: aikin nan amana ce tsakanin lauya da mutanen da hukumomi suka sha yaudara, amana kuwa ba a miƙa ta da takardar barin aiki.

Harding ba ta samu lokacin zama ba. A Fabrairun 2023 aka rushe tantunan marasa matsuguni da ke dandalin McPherson, 'yan taku kaɗan daga fadar shugaban ƙasa. A Yunin 2024 kuma Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 kan 3, ta yanke cewa birane na da ikon hukunta mutum don ya kwana a waje, ko da babu gadon da za a ba shi.