Daga Benci a Harvard zuwa Agogon Hannu: Yadda Aka Koyi Karanta Tazarar Bugun Zuciya

A shekarar 1943, Yaƙin Duniya na Biyu yana kan ganiyarsa, Amurka na neman hanya mai sauƙi ta tantance samarin da za su iya jure wahala. Wani likita ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Lucien Brouha da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka fito da gwajin da bai buƙatar komai sai benci da agogo. Tsayin bencin inci 20 ne, wato kusan santimita 51. Ɗalibi zai hau ya sauka sau 30 a minti ɗaya har tsawon minti 5, ko har ya gaza. Daga nan sai ya zauna, a ƙirga bugun zuciyarsa na rabin minti har sau uku: bayan minti ɗaya, bayan minti biyu, da bayan minti uku. Wanda zuciyarsa ta fi saurin lafawa shi ne ke samun maki mai yawa.

Hikimar gwajin tana cikin wannan zaman. Kowane saurayi zuciyarsa za ta yi gudu idan ya sha aiki. Abin da ke raba mai horo da marar horo shi ne saurin da take komawa daidai. Brouha yana auna aikin wani birki ne da ke cikin jiki, kuma labarin wannan birki ya girmi gwajinsa da shekara ɗari biyu.

A 1733 wani limamin coci a Teddington ta Ingila, Stephen Hales, ya wallafa gwajin da ya yi wa goɗiya. Ya sa bututun gilashi mai tsawon ƙafa 9 a jijiyar jininta, jini ya hau sama da ƙafa 8, kuma ya lura cewa hawan ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana sauyawa daga bugu zuwa bugu. A 1845 'yan'uwa biyu a Leipzig, Ernst da Eduard Weber, suka nuna cewa idan aka tsokani wata jijiyar saƙo da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira bagus, zuciya takan rage gudu, har ta tsaya. Wannan ya ba masana mamaki, domin a lokacin an ɗauka aikin jijiya shi ne ta motsa gaɓa, ba ta hana ta motsi ba. Bayan shekara biyu, Carl Ludwig ya ƙera na'urar da ke zana bugun jini a kan ganga mai juyawa, ya ga a jikin karnuka cewa bugu na ƙara sauri idan an ja numfashi, yana raguwa idan an sake shi.

Ga yadda abin yake. Zuciya tana da nata wurin da ke kunna bugu, kuma da za a yanke duk saƙon da ke zuwa mata, zuciyar saurayi za ta riƙa bugawa wajen sau 100 a minti. Abin da ya sa mai hutawa ke bugun 60 ko 70 shi ne jijiyar bagus tana riƙe da linzami. Riƙon nata yana sassautawa yana tsanantawa da kowane numfashi, don haka tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ba ta taɓa zama ɗaya: wannan milisakan 900, na gaba 960, na bayansa 870. Zuciya mai lafiya ba ta tafiya kamar agogon bango. Wadda ke bugawa daidai wa daida, ba ƙari ba ragi, sau da yawa ita ce abar damuwa.

An daɗe ba a ɗauki wannan da muhimmanci ba. Ko bayan da Willem Einthoven na Holan ya samar da na'urar zana lantarkin zuciya a farkon ƙarni na 20, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1924, likitoci sun fi damuwa da siffar kowane bugu fiye da ratar da ke tsakaninsu. Auna dubban tazara da hannu aiki ne da ba mai son sa, sai da kwamfuta ta zo.

Waɗanda suka fara nuna amfanin abin ba 'yan wasa ba ne, ba kuma ɗalibai ba. A shekarun 1960 Edward Hon da abokin aikinsa suka lura cewa idan ɗan tayi ya shiga wahala lokacin naƙuda, tazarar bugunsa ce ke fara sauyawa kafin yawan bugun ya nuna komai. A Tarayyar Sobiyet kuwa, Roman Baevsky ya yi amfani da irin wannan lissafi wajen lura da 'yan sama jannati daga ƙasa. A 1981 Solange Akselrod da abokan aikinta suka nuna yadda za a rarraba sauye-sauyen zuwa masu sauri da masu jinkiri. Babbar hujja ta zo a 1987, lokacin da Robert Kleiger ya bi mutum 808 da suka tsira daga bugun zuciya mai tsanani. Waɗanda sauyin tazararsu bai kai milisakan 50 ba, haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka haura 100 sau 5.3. A 1996 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Arewacin Amurka suka fitar da ƙa'idar awo guda: ko na minti 5, ko na awa 24.

To ina ɗalibai suka shigo? Gaskiya ba su taɓa fita ba. Tun 1861 Edward Hitchcock ke auna jikin ɗaliban Kwalejin Amherst shekara bayan shekara, Dudley Sargent ya yi haka a Harvard daga 1879. Ɗalibi shi ne mutumin da ya fi kusa da mai bincike: yana da ƙuruciya, yana da lafiya, ba ya tsada, kuma da wuya ya ce wa malaminsa a'a. Wani lokaci wannan kusanci ya haifar da ilimi mai nauyi. A 1986 Ralph Paffenbarger ya wallafa sakamakon bin tsofaffin ɗaliban Harvard 16,936, ya nuna cewa masu ƙona kalori 2,000 ko fiye a mako ta hanyar tafiya, hawan bene da wasanni, mace-macensu ya yi ƙasa da na sauran da kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku. Sai dai dukansu maza ne, kuma daga gidajen da suka iya kai ɗa Harvard.

Da na'urar ɗaurawa a ƙirji ta yaɗu, bayan kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fitar da irinta marar waya a 1982, auna tazarar bugun ɗalibai ya zama aikin da kowane sashen nazarin motsa jiki zai iya yi. Abin da aka yi ta gani, a dunƙule, ya yi daidai da gwajin Brouha: masu horon juriya, irin su gudu, ninƙaya da tuƙa keke, bugunsu a lokacin hutu ya fi jinkiri, sauyin tazararsu ya fi yawa. Rashin barci, giya, zazzaɓi da fargabar jarrabawa kuwa sukan rage shi.

A nan ne ya kamata mai agogon hannu ya yi hattara. Hujjar da ta ɗaure wannan awo da rai da mutuwa ta fito ne daga marasa lafiya da aka lura da su awa 24 da na'urar asibiti. Lambar da agogo ke nunawa da safe daga hasken da yake haskawa cikin fata take fitowa, cikin ɗan lokaci, kuma yanayin zama da saurin numfashi kaɗai na iya sauya ta. Bambanci tsakanin mutum biyu masu lafiya, sa'o'in juna, yakan yi faɗi ƙwarai, kuma awon yana raguwa da shekaru ko da mutum bai fasa motsa jiki ba. Ma'aikaci ɗan shekara 45 da ya gwada lambarsa da ta ɗan jami'a mai shekara 20 zai tsorata a banza. Hatta rabon da aka daɗe ana yi tsakanin sauyi mai jinkiri da mai sauri, wanda aka ce yana nuna daidaito tsakanin birki da totur na jiki, George Billman ya yi masa kakkausar suka a 2013, kuma masana da yawa sun daina dogara da shi. Abin da ya fi tsayuwa shi ne kwatanta mutum da kansa: awo a lokaci ɗaya kowace safiya, a yanayi ɗaya, a duba inda ya dosa cikin makonni.

Ɗakin binciken gajiya na Harvard, inda Brouha ya yi aiki, an buɗe shi a 1927 a ƙarƙashin ginin makarantar kasuwanci, domin tun asali gajiyar ma'aikatan masana'antu ce ta dami waɗanda suka kafa shi. An rufe shi a 1947, shekara huɗu bayan fitowar gwajin. Gwajin bencin kuwa har yau ana koyar da shi a darussan motsa jiki da azuzuwan ɗaliban likitanci, da agogon tsayarwa da yatsu biyu a wuyan hannu.